Birnin da Maginansa Ba Sa Kwana a Cikinsa

Darasinmu na wannan wata a kan muhalli ne, wato wurin da ɗan Adam zai sa haƙarƙarinsa idan dare ya yi. Mun ɗauko wannan batu ne domin da wuya a sami majami'a guda a biranenmu wadda babu masu kukan kuɗin haya a cikinta. Sau da dama kuma wanda ake kuka da shi yana nan zaune a benci na gaba. Mai gidan haya da ɗan haya Misa ɗaya suke ji, a gaban bagade ɗaya suke durƙusawa, su kuma miƙa wa juna hannun salama. Saboda haka maganar ta shafe mu ta kowace fuska, ya kuma kamata mu fahimce ta sosai kafin mu ɗora wa kowa laifi.

Harshen da muke magana da shi ya riga ya nuna mana nauyin al'amarin. Namijin da ya yi aure ya ɗauki nauyin iyali, magidanci muke ce masa, matarsa kuma uwargida. In mun haɗu da mutum a hanya muka ce masa "ina gida?", ai mutanen da ke ciki muke gaisarwa, ba bango da kwano ba. Bahaushe ya tattara wannan duka ya kira shi rufin asiri. Mai ɗakin kansa, ko da ya kwana da yunwa, ba wanda ya sani sai shi da Mahaliccinsa. Wanda aka watso wa kaya waje kuwa, tabarmarsa da tukwanensa da hawayen 'ya'yansa duk sun zama abin kallon masu wucewa.

Idan aka ce marasa muhalli, hankalinmu yakan tafi ga masu kwana a ƙarƙashin gada, ko a tashar mota, ko a rumfunan kasuwa bayan an tashi, ko cikin kangon da mai shi bai ƙarasa ba. Waɗannan su ne ido yake gani, amma su ne kaɗan. Akwai saurayin da ya shekara biyar yana kwana a falon ƙanin mahaifinsa, sai kowa ya kwanta ya shimfiɗa tabarma, kafin kowa ya tashi ya naɗe. Akwai iyali mai mutum takwas a ɗaki ɗaya, labule ne kawai tsakanin iyaye da 'ya'yan da suka balaga. Akwai kuma wanda ya gina nasa da gumin goshinsa, amma a filin da ba shi da takarda, kullum kunnensa yana ga ƙarar katafila. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan 1 ne suke zaune a irin waɗannan unguwannin marasa tsari a duniya. Don kada mu ɓace cikin manyan lambobi, bari mu ɗauki birni guda wanda yawancinmu muke da ɗa ko ƙane da ya tafi neman abinci a cikinsa.

Abuja da kewayenta

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta ware yankin sabon babban birnin tarayya, a ƙasar da Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa suke zaune tun kaka da kakanni. An kammala taswirar birnin a 1979, kuma ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya taso da fadar gwamnati daga Legas. An gina wa ma'aikatan gwamnati gidaje a Garki da Wuse, an yanka wa manya filaye a Maitama da Asokoro. To, amma birni ba ya rayuwa da ma'aikatan ofis kaɗai. Yana bukatar magini da lebura da kafinta, yana bukatar direba da mai gadi da mai shara da mai sayar da abinci a bakin ma'aikata. Nyanya ta fara ne a matsayin sansanin leburorin da suke gina birnin, da tunanin zama ne na wucin gadi. Birnin ya ci gaba da girma, leburorin ba su koma ko'ina ba, sai ma ƙaruwa da suka yi.

Da haya ta gagari talaka a cikin gari, sai ya ja da baya. Daga Nyanya da Karu aka tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ta ɗaya gefen kuma aka kai Zuba da Madalla da Suleja. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keffi da asuba ya san abin da muke faɗa: dubban mutane sukan bar gida tun da duhu, yara suna barci, su dawo da dare yaran sun sake yin barci. Uba yakan yi mako guda bai ga idon ɗansa biyu ba sai ranar Lahadi. Babban rabo na albashi kuma a mota yake ƙarewa, balle bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. Mu tuna kuma da bam ɗin da ya tashi a tashar motar Nyanya da safiyar 14 ga Afrilu 2014, wanda ya hallaka fiye da mutum 70. Da yawansu ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu jiran motar shiga garin da suke yi wa hidima amma ba su da ikon kwana a cikinsa.

Waɗansu kuma suka ce su kam ba za su yi nisa da wurin aiki ba. Sai suka shiga ƙauyukan 'yan asalin ƙasa da birnin ya kewaye, suka sayi ɗan fili a hannun mai unguwa ko dagaci, aka rubuta musu takarda, suka yi gini. Wannan takarda ba ta da daraja a idon hukuma, domin a doka dukan ƙasar yankin ta gwamnatin tarayya ce. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasir el-Rufa'i yake ministan birnin, aka yi rusau mai yawa a wurare irin su Idu da Karmo da Chika da Aleita. Rahoton da ƙungiyoyi biyu masu kare haƙƙin muhalli suka fitar a 2008 ya ƙiyasta waɗanda aka tasa da kimanin mutum 800,000. Hujjar hukuma ita ce mai da birnin kan taswirarsa ta asali, kuma adalci ne mu yarda cewa akwai gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa da filayen da aka keɓe don jama'a. Tambayar da ba a amsa ba ita ce, ina aka ce su je? Yawancin waɗanda aka rushe wa ɗaki baƙi ne a idon doka, ba su cikin jerin waɗanda za a sake wa matsuguni. Suka ƙara matsawa waje, haya a can ma ta tashi, wanda yake zaune lafiya a Mararaba shi ma abin ya taɓa shi.

Abuja ba ita ta fara wannan ba. A watan Yuli 1990, ana tsakiyar damina, gwamnatin soja ta Jihar Legas ƙarƙashin Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko kwana bakwai su tashi, sannan ta rushe unguwar da ake ƙiyasin tana ɗauke da mutum 300,000. Yau filin yana cikin mafi tsada a ƙasar nan. Haka aka sake yi wa masuntan Otodo Gbame, fiye da mutum 30,000, tsakanin 2016 da 2017, har wata babbar kotu a Legas ta yanke a watan Yuni 2017 cewa tashin mutane ba tare da sama musu wani wuri ba ya saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin ya zo ne bayan gidajen sun zama toka.

Abin mamaki shi ne, gine-gine ba su yi ƙaranci a Abuja ba. An daɗe ana cewa Nijeriya tana da giɓin gidaje miliyan 17, amma a 2021 ministan ayyuka da gidaje na lokacin, Babatunde Fashola, ya ce wannan lamba ba ta da tushe, ya kuma nuna cewa akwai gidaje da yawa a birane da ba kowa a ciki. Ko mun yarda da shi kan lambar ko ba mu yarda ba, maganarsa ta biyu gaskiya ce da ido yake gani. A zaga manyan unguwannin Abuja da dare a ƙirga benayen da ba a kunna fitila a cikinsu ba sai ta ɗakin mai gadi. An gina su ne don ajiyar dukiya, kamar yadda kakanninmu suke ajiye hatsi a rumbu, sai dai hatsin rumbu ana fito da shi a ci. A watan Disamba 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wata unguwa sukutum a yankin Lokogoma mai gidaje 753, bayan hukumar EFCC ta danganta ta da dukiyar haram ta wani tsohon babban jami'i. Ana gini kullum, amma ba don mai ƙaramin ƙarfi ba.

Me ya hana a gina wa talaka?

Tushen abin yana cikin ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Niyyar tana da kyau, wato kada masu kuɗi su wawashe filaye. A aikace kuwa, wanda yake da fili a birni ba shi da cikakken tabbaci sai ya sami takardar shaidar mallaka da sa hannun gwamna, kuma ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Neman wannan takarda yakan ci watanni ko shekaru, daga wannan tebur zuwa wancan, kowane tebur da abin da yake nema. Gwamna kuma yana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da ke kan filin ce, kamar gini da amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba. Kwamitin gyaran harkar filaye da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na ƙasar Nijeriya aka yi wa rajista. An kuma dasa wannan doka cikin tsarin mulki, ta yadda gyara ta sai da irin wahalar gyara tsarin mulkin kansa.

Wanda ba shi da takarda, banki ba ya ba shi lamuni, gama da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda yake da takardar ma, kuɗin ruwa ya ishe shi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100. Mu ɗauka mutum ya ranci naira miliyan 10 a kan kashi 25: ruwan kaɗai naira miliyan 2.5 ne a shekara, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, ruwan nan ya kusan ninka shi sau uku ke nan. Masana harkar gidaje sukan ce bai kamata muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu ba. Ga mai wannan albashi, naira 252,000 ke nan a shekara. Kowa ya san kuɗin ciki da falo a unguwarsa, sai ya gwada ya gani.

Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci domin ya sami lamuni a kan ruwa kashi 6, ya biya cikin shekaru har 30. Tsari ne mai kyau, muna kuma ƙarfafa malaman makarantu da sauran ma'aikata da ake cire wa kuɗin nan su bi sawun haƙƙinsu. Sai dai mai tura baro da mai sayar da ƙosai, waɗanda ba su da takardar albashi, ƙofar tana da nisa a gare su, su ne kuwa mafi yawa a cikin garuruwanmu.

Gwamnatoci sun gwada gini da kansu. Shugaba Shehu Shagari ya yi alkawarin gidaje 40,000 kowace shekara daga 1979, 2,000 a kowace jiha da Abuja. Har yau kusan kowane babban gari yana da unguwar da ake kira Shagari Kwatas ko Lokos, amma abin da aka kammala bai kai rabin alkawarin ba, waɗansu kuma an kai su can bayan gari inda ba ruwa ba hanya. Manufar gidaje ta 1991 ta sa wa'adin shekara ta 2000 kowane ɗan ƙasa ya sami muhalli. Wa'adin ya zo ya wuce. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 16, ya ɗora wa gwamnati neman matsuguni mai dacewa ga kowa, amma sashen yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa.

Game da kayan gini, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, rodi da kwano suka bi sahu. A nan muna da abin cewa ga kanmu. Kakanninmu sun yi gini da jar ƙasa da tubali da azara, ɗakunan suna da sanyi a bazara da ɗumi a hunturu, waɗansu sun haura shekara ɗari suna tsaye. Yanzu mun mai da ginin ƙasa abin kunya, har mutum ya gwammace ya shekara goma sha biyar yana haya yana jiran bulo, da ya shiga ɗakin jar ƙasa da aka yi wa tushe mai kyau da yaɓen siminti. Wannan ra'ayi yana bukatar a sake duba shi.

Abin da Littafi Mai Tsarki da Ikkilisiya suka koyar

Shari'ar Musa ta fara da cewa ƙasa ta Ubangiji ce, mu baƙi ne a kanta. Shi ya sa Littafin Firistoci sura 25 ya hana sayar da gona har abada, ya umarta a mayar wa kowa gādonsa a shekara ta hamsin. Mai karatu da natsuwa zai lura cewa surar ta bambanta gidan ƙauye da na birni mai ganuwa: na birni, in mai shi bai fanshe shi cikin shekara guda ba, ya tafi ke nan. Tun a wancan zamani an san cewa gida a birni yakan zama haja, mai rauni kuma yakan rasa nasa da sauri. Annabawa ne suka tsaya a wannan giɓi. Ishaya sura 5 ya yi kashedi ga masu haɗa gida a kan gida da gona a kan gona har su bar kowa ba wurin zama, ya kuma ce manyan gidajen nan za su zama kufai. A sura 58 ya lissafa shigar da matalauci mara wurin kwana cikin gidanka a jerin abubuwan da suke sa azumi ya karɓu. Labarin gonar inabin Nabot a 1 Sarakuna sura 21 kuwa labarin mai iko ne da ya ga filin talaka kusa da fadarsa ya yi sha'awarsa, aka kuma nemo hanyar da ta yi kama da shari'a aka ƙwace masa.

Akwai wata ƙaramar doka a Maimaitawar Shari'a sura 24 da muke so masu gidajen haya su riƙe. An hana mai bin bashi shiga ɗakin wanda yake bi don ɗauko jingina, sai ya tsaya a waje a fito masa da ita. Bashin gaskiya ne, za a kuma biya, amma bakin ƙofar matalauci yana da alfarma. Ubangijinmu kansa an haife shi ne inda dabbobi suke, domin ba a sami wuri a masauƙi ba, ya yi gudun hijira zuwa Masar yana jariri, a Matiyu sura 25 kuma ya sa kansa a matsayin baƙon da aka saukar ko aka ƙi saukarwa.

A kan wannan tushe Ikkilisiya ta gina koyarwarta. Ta yarda mutum ya mallaki dukiya, ya gina gida ya ba da haya ya ci riba ta halal. Amma ta koyar cewa Allah ya yi albarkatun duniya domin dukan 'yan Adam, don haka kowace mallaka tana ɗauke da haƙƙin jama'a a wuyanta. Paparoma Yohanna na 23, a wasiƙarsa ta 1963 kan zaman lafiya a duniya, ya sa matsuguni a jere ɗaya da abinci da sutura da magani cikin haƙƙoƙin da mutum yake da su don kawai shi mutum ne. Kundin haƙƙoƙin iyali da Fadar Paparoma ta fitar a 1983 ya ce iyali yana da haƙƙin gida mai mutunci daidai da yawan mutanensa. A 1987, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin marasa muhalli, Hukumar Adalci da Salama ta Paparoma ta fitar da takarda guda sukutum kan wannan matsala, ta kuma ɗauke ta a matsayin alamar rashin adalci a tsarin zaman jama'a, ba tsautsayin mutum ɗaya ba. Marigayi Paparoma Francis, da yake magana da ƙungiyoyin talakawa a 2014, ya haɗa abu uku da ya ce haƙƙin kowa ne: ƙasa, da rufin kwana, da aiki.

A tsakaninmu

Gyaran dokar ƙasa da kuɗin ruwa aikin hukuma ne, namu shi ne mu tambayi masu neman ƙuri'unmu abin da za su yi a kai, mu kuma tuna da amsarsu. Amma akwai ɓangaren da yake hannunmu tun yau. Ma'aikaci wata-wata ake biyansa, me ya sa ɗan'uwansa mai gida zai nace sai hayar shekara biyu a dunƙule? A kan wannan ga kuɗin dillali, ga na lauya, ga na ajiya ko da za a yi ɓarna. A 2011 Jihar Legas ta yi dokar da ta hana karɓar hayar fiye da shekara guda a gaba daga sabon ɗan haya. Kirista ba ya bukatar jiran irin wannan doka kafin ya sassauta. Mun san masu gidaje da yawa ba attajirai ba ne. Akwai gwauruwar da ɗakuna huɗun da mijinta ya bari su ne abincinta, akwai ɗan fanshon da ya zuba duk kuɗin sallamarsa a gini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan hayar da yake da hali ya ƙi biya, ko ya lalata ɗaki ya gudu da dare, ya ci haƙƙin irin waɗannan, kuma shi ne yake sa a tsananta wa na bayansa.

Ya kamata kowa ya san abin da doka ta ce game da tashin ɗan haya. A dokar da ake aiki da ita a Abuja, haka ma a jihohi da yawa, in ba a rubuta wani abu dabam a yarjejeniya ba, mai biya wata-wata ana ba shi notis na wata guda, mai biya shekara-shekara kuwa na wata shida. Bayan wa'adin ya cika ana ƙara masa sanarwar kwana bakwai, sannan a je kotu, kotu ce kaɗai take da ikon fitar da shi. Cire ƙofa, ko kware kwano, ko yanke ruwa da wuta, ko ɗauko 'yan daba su watsar da kaya, duk laifi ne a doka, zunubi ne kuma a gaban Allah. Ofishin Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya na diyosis yana nan domin irin wannan shawara, ga mai gida da ɗan haya duka.

Akwai kuma zaɓen wanda za a ba ɗaki. Wani ba ya ba mace marar aure, wani ba ya ba mai 'ya'ya da yawa, wani sai ya ji yarenka tukuna. Mafi zafi shi ne rabuwar addini. Bayan rikicin Kaduna na Fabrairu 2000 da na Jos na Satumba 2001, mutane sun sayar da gidajensu da araha ko sun yi musaya, Kiristoci suka tattaru a waɗansu unguwanni, Musulmi a waɗansu. A Kaduna kogi ne ya zama kamar iyaka. Ba za mu raina tsoron da ya jawo haka ba, gama an zubar da jini, da yawa cikinmu sun binne nasu. Amma mu ga abin da ya haifar: mai neman ɗaki rabin gari kawai ya rage masa ya duba, haya ta tashi a unguwannin da aka cunkushe, yara kuma suna girma ba su taɓa cin tuwon sallah ko shinkafar Kirsimeti a gidan maƙwabci ba.

Diyosis na Yola ya nuna cewa ana iya yin wani abu dabam. Da Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen Oktoba 2014, dubban masu gudun hijira sun cika harabar babbar majami'ar Santa Teresa, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu ƙofa ba tare da tambayar addininsu ba. Da ƙura ta lafa yawancinsu suka koma, amma waɗansu ba su da inda za su koma. Maimakon a bar su cikin tantuna shekara da shekaru, diyosis ɗin, da taimakon 'yan'uwa Katolika na ƙasar Jamus, ya gina gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe su a watan Afrilu 2021, da makaranta da majami'a, da kuma masallaci domin iyalan Musulmin da ke cikinsu. An sami waɗanda suka yi gunaguni kan masallacin, Bishop ɗin bai fasa ba.

Ba kowace majami'a ce take da ƙarfin gina gidaje 86 ba. Amma adashe sananne ne a wurinmu, Zumuntar Mata Katolika ta daɗe da ƙwarewa a kansa. Ƙungiyar gama kai mai rajista tana iya sayen fili babba, ta nemi takarda guda ɗaya a madadin kowa, ta yanka wa mambobi, abin da mutum ɗaya ba zai iya jure wahalarsa ba. Asusun da zai ranta wa iyali kuɗin haya ba ruwa, su biya wata-wata, yana iya tsayawa tsakaninsu da titi. Majalisar kowace majami'a kuma ta duba nata ma'aikatan: katikis ɗin da ya yi shekara talatin a gidan mishan, ina zai koma ranar da ya ajiye aiki, ina kuma matarsa za ta zauna in ya riga ta tafiya?

Muna roƙon ƙananan ƙungiyoyin Kirista na unguwa-unguwa, a taronsu na wannan wata, su karanta Nehemiya sura 5, inda jama'a suka jinginar da gonakinsu da gidajensu don neman hatsi, su lura da abin da Nehemiya ya yi da nasa bashin sa'ad da ya tsawata wa manyan gari. Bayan haka kowace ƙungiya ta bincika a hankali iyalai nawa ne a cikinta aka ba notis, nawa ne suke raɓe a ɗakin wani, su wane ne kuma suke da ɗaki a rufe ba kowa. Kada a karanta sunan kowa a bainar jama'a. A miƙa wa Fada da shugabannin ƙungiyar Santa Vincent de Paul a asirce, kafin damina ta kankama.